Man Kawu Yana Kumfa

Litinin, 1 ga Satumba

Na canza man suya. Na rubuta a nan don in ga yadda maganar take a rubuce, tunda har yau bakina bai iya faɗa wa kowa ba sai Baban yara.

Ba da son raina ba ne, Allah Ya sani. Tun farkon damina man gyaɗar da Kawu yake matsewa a injinsa ya fara ba ni wahala. Da na saka kifi sai kumfa ta taso kamar na zuba sabulu a kaskon. Kafin rana ta raba ya yi baƙi, hayaƙi ya cika shago, dankali ya sha mai ya yi laƙwas. Malamin nan mai tabarau da yake cin abinci a wurina kullum ya matse dankalina a cikin takarda, ya ɗaga takardar yana kallonta a haske, ya biya ya tafi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Dillalin mai ya kawo mini kala biyu in gwada, na waken soya da wani fari tas da ya ce man ja ne aka tace. Na biyun na ɗauka. Jarkarsa ta fi ta Kawu tsada, amma yana jure wuta, ba ya hayaƙi, kuma in na tace shi da yamma sai ya kai ni kwanaki. Na Kawu wuni ɗaya sai zubarwa. Dillalin ya ce arhar mai a kasko ake ganinta, ba a bakin jarka ba. Mutumin akwai zaƙin baki, amma a nan bai yi ƙarya ba.

Matsalar ita ce Kawu. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya ɗauke ni da ta rasu. Da wannan injin ya ciyar da ni. Kaskon farko da na fara sana'a da shi, shi ya saya mini.

Alhamis, 4 ga Satumba

Ya kawo mai kamar kowace Alhamis, jarka biyu a bayan kekensa. Ina jin ƙarar keken na tura jarkar dillali ƙarƙashin tebur na saki ledar teburin ta rufe ta. Ni da girmana, uwar yara, ina ɓoye jarka kamar wadda ta saci nama a tukunya.

Na durƙusa na gaishe shi, na zuba masa kifi da dankali. Ya ci, ya lumshe ido, ya ce, “Uwata, kin ji mai na gaskiya. Ba irin ruwan nan na kamfani ba.” Sunan mahaifiyarsa ne da ni, shi ya sa yake ce mini Uwata.

A ruwan kamfanin na soya kifin. Na ce masa ai kuwa, Kawu.

Asabar, 6 ga Satumba

Ciniki ya dawo. Mai tabarau ya ƙara faranti. Ban ji daɗin da na zata zan ji ba.

Laraba, 10 ga Satumba

Baban yara ya shiga sito neman guduma ya ga jarkokin Kawu a bayan buhunan dankali, ko buɗe su ban yi ba. Ya fito yana dariya, wai ashe gidan mai zan buɗe ban gaya masa ba, yana neman aikin mai gadi. Na ce ya fita harkata.

Daga baya ya zauna ya yi mini magana ta hankali. Ya ce sayen mai biyu ina amfani da ɗaya ya cinye duk sauƙin da na samu, kuma ko ba don wannan ba, dattijon ya cancanci a gaya masa. Na ce shi yana da bakin faɗa tunda ba a bayan Kawu ya yi barci yana ƙarami ba. Ya ce to, shi ya yi shiru.

Ni ce fa babbar mai saye a wurin Kawu. Sauran duk 'yan kwalba ne da 'yan galan. In na janye, me ya rage masa? Mutum ya haura saba'in, ba ɗa namiji a kusa, idonsa ma ya fara hazo ko da yake ba ya yarda a faɗa. Injin nan shi ne dalilin da yake tashi da safe ya sa hula.

Zan gaya masa. Ba wannan satin ba dai.

Alhamis, 18 ga Satumba

Yau na yi abin da ya fi na baya muni.

Akwai wata da ta buɗe rumfar suya a tsallaken titi kwanan nan, kusa da masu gyaran babur. Mijinta ma a cikinsu yake. Rediyo muke ce mata, don daga safe har a tashi bakinta ba ya hutawa, ko ba mai saurare. Yarinya ce mai kirki, tana ce mini Yaya, takan aiko a ara mata matsami ko gishiri.

Ta shigo Kawu yana zaune yana cin abinci. Ta ɗauki dankali ɗaya a tire ta karya, ya yi ƙaras, ta ce don Allah Yaya wane mai nake amfani da shi, nata kullum sai ya yi mata laushi. Kawu ya ajiye cokali, ya gyara zama, yana murmushi yana kallona.

Me zan ce? Na ce na Kawu ne mana.

Nan take suka shirya. Ya ce zai sauke mata jarka ɗaya gobe, har da ragi tunda ta wajen Uwarsa ta zo. Ya fita yana tura keke kamar an rage masa shekara goma. Ni kuwa sai da na ƙona kaza.

Asabar, 20 ga Satumba

Na tsallaka wurinta da niyyar in faɗa mata gaskiya. Na tarar tana ba wata labarin yadda Kawu ya yi mata addu'a da ya sauke jarkar, wai ta samu uba a unguwa. Abin da na iya cewa kawai, kada ta riƙa cika kaskon, kuma ta tsane kifi sosai kafin ta saka. Ta ce to Yaya, ta ci gaba da surutunta.

Na dawo ina ce wa kaina ai na gargaɗe ta.

Talata, 23 ga Satumba

Daga ƙofata ina hango hayaƙin rumfarta. Na juya kujerata ta kalli bango.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Jarka biyu kuma. Bayan buhunan ya cika, na fara jerawa a bayan ƙofa. Kawu ya ce wani mai shayi da wata mai abinci a bakin tasha sun ce a kai musu su ma, don sun ji da nasa nake suya. Wai ni ce tallarsa.

Na lura da ya zo zuba ruwa a kofi, rabi a tebur ya zuba, bai kuma gani ba. Na goge da sauri kafin hannun rigarsa ya shiga.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Innalillahi. Rediyo ta ƙone.

Da yamma ne, lokacin da mutane suka fi tsayawa saye. Ta juye kifi a kasko, man ya taso da kumfa ya zubo kan wutar gas, wuta ta kama. Ta kai hannu za ta janye kaskon don kada ta kai ga tukunyar gas ɗin, man ya kwaro mata. Hannun dama, daga wuyan hannu har gwiwa. Masu gyaran babur ne suka kashe wutar da yashi. Ina tsaye da matsami a hannuna na ji ihunta, kuma tun kafin in waiwaya na san mene ne.

Na bi su asibiti. Ban iya shiga ɗakin ba, a baranda na zauna.

Litinin, 6 ga Oktoba

Ban buɗe shago ba. Baban yara bai ce ai na gaya miki ba. Ruwa kawai ya ɗora mini, ya kai yara makaranta.

Laraba, 8 ga Oktoba

An sallamo ta, za a riƙa kai ta wankin ciwo. Na dafa mata abinci mai ruwa-ruwa na kai gidansu. Ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa, tana kwance a katifa, hannun a naɗe a kan matashi. Ina zaune sai ga Kawu ya zo dubiya da lemo a leda.

Mijinta ya karɓi gaisuwar a tsaye. Mutum ne mai zafi, kuma kwana uku bai yi aiki ba. Ya ce Baba, a yi haƙuri da abin da zai faɗa, amma matarsa ta ce tun ranar farko man nan yake kumfa, shi yana ganin man ne ba shi da kyau. Maƙwabta biyu suna bakin ƙofa suna ji.

Kawu bai yi fushi ba. A hankali ya ce shekara arba'in yana matsar mai, ba a taɓa kawo masa ƙara ba. Ya ce ga 'yarsa nan zaune, daga ganga ɗaya yake zuba musu, kullum da shi take suya tun safe har yamma, ko ɗigo bai taɓa taɓa ta ba. Sai ya juyo wajena.

“Uwata, faɗa musu.”

Duk suka zuba mini ido. Na kalli hularsa, tsohuwar nan da ya wanke don zai zo dubiya. Na ce, “Haka ne.”

Mijin ya juya kan matarsa. Ya ce to ta ji, gangancinta ne, bakinta yana wurin hira hannunta yana wurin wuta, ya sha gaya mata. Ya faɗi maganganu da yawa. Rediyo ba ta ce komai ba, hawaye kawai yake bin gefen fuskarta yana shiga kunne. Tun da na san ta ban taɓa ganin an yi magana ta rasa amsa ba.

Ni na ƙona ta, yau kuma na ƙara mata da wani ciwon.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Na buɗe jarka ɗaya daga na Kawu, na zuba a kwalba na ajiye a taga. Kafin yamma guggubi ya kwanta a ƙasa kusan yatsa biyu, da wani abu fari-fari kamar ruwa. Ban san me nake nema ba. Wataƙila so nake kwalbar ta ce mini ba man ba ne.

Mai shayi da matar bakin tasha suna can suna suya da shi. Wannan ne ya hana ni cin abinci.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na je wurinta da hantsi, lokacin da na san mijin yana gareji. Na zauna a bakin katifa na faɗa mata duka, tun daga ranar da na canza. Ban yi wa kaina ado ba.

Sai ta ce, “Shi ya sa kika ce kada in cika kasko.”

Na ce e.

Ta ce ashe na sani har na tsallako titi, na tsaya a gabanta, na koma da abina. Ta ce ciwon hannun da sauƙi, abin da ya fi ci mata rai kwana ukun nan ita ma ta fara yarda cewa laifinta ne. Na ce ta yafe mini. Ta ce in ɗauki kwanona na ranar Laraba yana bayan ƙofa, an wanke. Ta juya fuska bango.

Daga nan gareji na wuce na gaya wa mijin a gaban abokan aikinsa. Ya wanke ni tas, ban tanka ba, don duk abin da ya faɗa haka yake. Abu ɗaya na roƙe shi, ya bar ni in gaya wa Kawu da bakina. Ya ce ya ba ni zuwa Alhamis.

Talata, 14 ga Oktoba

Na aika Baban yara wurin mai shayi da matar tasha ya ce su dakata da man. Ya tafi ba musu. Ya dawo ya ce matar ta ce dama tana ta mamaki yadda ni nake fama da shi.

Duk yinin yau ina shirya maganar da zan yi wa Kawu a raina. Kowace na ɗauko sai ta yi kama da wuƙa.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ya zo. Kafin ya kwance jarkokin na ce Kawu, zo ka ga wani abu. Na kama hannunsa na kai shi sito, na kunna fitila, na janye buhunan.

Bai gane ba da farko. Sai da ya matsa ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa igiyar da yake ɗaure bakin kowace da ita, irin ƙullinsa, ba wadda aka kwance sai guda. Na miƙa masa kwalbar taga. Ya kai ta dab da idonsa, ya juya ta, ya ce shi ba ya ganin komai a ciki, in gaya masa me ke ciki. Na gaya masa. Na gaya masa kifin da yake yabo ma ba a mansa nake soyawa ba. Ina kuka ina faɗa, kamar wata ƙaramar yarinya.

Ya nemi buhu ya zauna. Ya tambaye ni tun yaushe, na faɗa. Ya tambaya ko yarinyar nan ta sani, na ce ta sani, mijinta ma.

Na zaci zai yi faɗa. Na so ya yi. Sai ya ce, “Da kin gaya mini tun farko, Uwata, da a gabanki ke kaɗai zan ji kunya.”

Na ce tsoro na ji kada ransa ya ɓaci. Ya ce ya sani. Ya ce shi ya ɗauka har yanzu ina ganinsa mutum ne da za a iya gaya wa magana.

Ya tashi ya fara fitar da jarkokin. Na kai hannu zan taya shi, ya ce in bari. Sawu-sawu ya yi ta kwasa a keke har rana ta yi sanyi, yana wucewa ta gaban masu gyaran babur, kowa yana kallo. A sawun ƙarshe ya jingine keken ya shiga garejin. Daga nesa na ga ya cire hula yana yi wa mijin Rediyo magana, yaron da bai kai ɗan cikinsa ba.

Abincin da na zuba masa yana nan a rufe.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Bai zo ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Matar Kawu ta kira ni. Ta ce ya bi duk masu sayen kwalba da galan gida-gida ya karɓo mansa. Ya sa an duba masa wurin injin, ashe ƙyallen tacewa ya yage tuntuni, rufin da ke saman gangar kuma yana ɗiga tun farkon damina. Ta ce ya yarda za a kai shi a duba idon. Na ce in zo? Ta ce in ɗan ƙara kwana biyu.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Rediyo ta fito, ƙanwarta ce take mata suya, ita tana zaune tana karɓar kuɗi da hagu. An ce yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa sosai, sai a hankali. Na aika mata galan na man da nake amfani da shi, da sunan dillalin. Ta karɓi sunan, ta dawo da galan ɗin. Na ji muryarta yau tana ba wani labari, muryar ta tsallako titi har cikin shagona. Da na fito zubar da ruwa ta yi shiru har na koma.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Ciniki ba yabo ba fallasa. Dillali ya ƙara kuɗin jarka, na ce masa zan gwada na waken soya in gani, ya yi ta rantse-rantse.

Da hantsi na ji ƙarar keke. Ba jarka a baya, kwalba ɗaya ce a aljihun rigarsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa daga bakin ƙofa. Ya ce ya sa sabon ƙyalle, an gyara rufi, wannan man ya bar shi ya kwanta sati guda. Yana so in gwada a gabansa.

Na ɗora ƙaramin kasko, na juye, na jira ya yi zafi, na saka dankali. Akwai mutane biyu a kan benci suna cin abinci. Kumfar ta taso, ba kamar da ba, rabin ta da ma ba ta kai ba, amma ta taso, kuma ta ƙi kwanciya. Yana tsaye ya karkato kunne wajen kaskon, don ba ya hango cikinsa daga nan.

Ya ce yaya?

Zuciyata ta kawo mini amsoshi masu daɗi har guda nawa, kuma duk da ɗan gaskiya a cikinsu.

Na ce, “Kawu, bai yi ba tukuna.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce wataƙila gyaɗar ce ba ta gama bushewa ba, zai shanya ta ya sake, ya kawo mini wani satin. Ya miƙo hannu na ba shi kwalbarsa. Na ce in zuba masa abinci? Ya ce a wane mai na soya. Na ce na kamfani.

Ya ce to in sa masa kifi ɗaya, kada in cika dankali.